Shekarar da Muka Dasa Gawo a Bakin Hor

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kun sani. Nafisa jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata duk abin da ta rubuta sai ta karanta mini na ji da kunnena, don na san halin 'yan makaranta, sai su zuba wa magana sukari. Ba na son sukari a cikin wannan. Abu biyu ya sa na zaunar da ita. Na farko, tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa uwarku ta kori ubanta daga gida saboda itace, kuma har kuka yi gemu kuka yi 'ya'ya babu wanda ya iya tambayata. Na biyu, wayar da ɗana Abba mai sunan Baba ya yi mini daga Masar. Na gaya masa mun dawo hilla, wato ƙauyenmu, daga gudun hijira, mun tarar an sare itatuwan bakin hor, rafinmu, an yi girki da su lokacin yaƙin nan, na ce ina tara gwangwanaye zan fara renon iri. Sai ya ce mini:

"Yumma, ki daina wahalar da kanki. Wa ya san ko za mu sake zama a can?"

Na kashe wayar. Ba fushi na yi ba. Muryar kakansa na ji ta fito daga bakinsa, shi kuwa bai ma san ya yi ba. To ku zauna ku ji.

Ku da kuka tashi kuna Larabci fiye da Hausa ba ku san yadda aka rene mu ba. Kakana ya fito daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, da niyyar Makka, yana saɓe da Baba a wuya. Ya tsaya a Jazira cirar auduga don ya tara guzuri, guzuri bai taru ba, a can ya rasu. A gidanmu ba a cewa ya rasu a Sudan. Cewa ake ya rasu a kan hanya. Baba ya gaji niyyar nan kamar yadda wasu ke gadon gona. Da aikin Jazira ya mutu muka dawo wannan hilla ta bayan Umdurman, mu da dangi da maƙwabta, duk jikokin alhazan da ba su ƙarasa ba, kuma da dokarmu muka zo. Ba ma gini da jan bulo. Ba ma sayen abin da jaki ba zai iya ɗauka ba. Ba ma dasa itace, ko na lemo ne a tsakar gida, don wanda ya dasa itace ya ce zai zauna ya jira shi, wanda ya zauna kuwa ya warware niyyar iyayensa. Akuya kaɗai aka yarda mu tara, don Baba ya ce ita dukiya ce mai ƙafa, ran da aka ce a tashi ita ma za ta tashi. Likkafaninsa yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Duk shekara in alhazai sun tafi sai ya fito da shi ya shanya, ya ninke, ya mayar, ya ce a Madina za a buɗe shi. Haka na tashi na gani, haka na yi aure na haihu ina gani.

Awakin kuwa namu ne, mata. Maza suna Khartum: ubanku yana walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, wasu suna dako, wasu suna tallar turare da tazbaha. Mu ke tatsa, mu ke sanin wadda ta yi ciki da wadda ta ƙi cin abinci. Da nononsu na yaye ku duka. Da can in gari ya waye sai mu buɗe musu ƙofa su gangara hor, wato rafin nan da ba ya ruwa sai da damina, su yi kiwo su dawo da kansu. Sai birni ya yi ta matsowa. Filin da suke kiwo aka yanka aka sayar, motocin shara suka fara juye kayansu a bayan hilla, ciyawar barsim da masu karo, wato amalanken jaki, ke kawowa ta fi ƙarfin talaka. Akuya ba ta zama da yunwa. Suka koma juji suna cin kwali da leda. Za ki ga ciki ya kumbura kamar mai tagwaye, amma ƙashin baya kamar zarto, nono ya ƙafe, sai wata rana ta durƙusa ba ta tashi ba. A shekarar da nake ba ku labari babu gidan da bai ja mushe ba. Ni tawa da ta fi ƙona mini rai Ƙyalla ce, jikar akuyar da Inna ta bar mini. Ubanku ya yanka ta kafin rai ya fita. Da ya farke tumbi sai ga leda ta dunƙule wuri guda kamar kabewa, baƙa ƙirin, har da igiya da guntun silifa. Ya ce a jefar. Na ce a'a. Na wanke ta, na ɗora a kan rumfa ta bushe. Ban san me zan yi da ita ba a lokacin, na dai san ba zan bar abin ya tafi a banza ba.

Cikin wannan hali Daktora Amal ta zo, likitar dabbobi, a motar wata ƙungiya. Mun saba da masu mota: su zo, su ɗauki hoto, su yi wa awaki allura, ƙura ta bi bayansu. Na tsaya daga nesa ina kallonta, don ni ba na yarda da mutum sai na ga yadda yake zama. Sai na ga ta tattare tob ɗinta, mayafin nan na matan Sudan, ta zauna a ƙasa, ta share yashi da tafin hannu, ta ce mu zana mata hillarmu, mu nuna mata inda awakinmu suke yini. Asabe maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce da Hausa:

"Yau mun ga ta kanmu. An aiko mana likita, ita ce ke tambayarmu."

Aka yi dariya. Daktora ta ce a fassara mata, da aka fassara ita ma ta yi dariya, ta kira Asabe gwaggo da Larabci ta ce:

"Ya halti, ni na san cikin akuya. Ku kuka san hilla. In ban tambaya ba, allura zan yi in tafi, badi kuma in dawo in tarar da mushe."

Wannan maganar ce ta sa na matso. Muka sa duwatsu a matsayin gidaje, muka zuba toka ta zama hor, muka bi da kashin awaki duk hanyar da suke bi, sai ga shi duk hanyoyin sun tattaru a juji. Ta tambaye mu wane wata ne nono ke ƙafewa, muka faɗa. Ta tambaye mu me muke so mu gani a wurin nan in jariranmu sun isa aure. Ba a taɓa tambayarmu haka ba, kuma a gidajenmu ba a lissafin zama mai nisa. Ni ce na buɗe baki. Na ce tun ina yarinya Baba yake ba mu labarin wani itace na ƙasar Haɗeja, gawo, wanda yake kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, awaki su taru a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Shi ma bai tuna shi da idonsa ba, daga bakin ubansa ya ji. Daktora ta ce ai akwai shi a nan, haraz suke ce masa, kuma bakin hor yana riƙe damshi a ƙasa, zai yi. Ta ce amma yana da jinkiri, sai an haɗa shi da masu sauri irin zogale da magarya, a kewaye wurin, a hana awaki shiga har su kafu. Ta je ta yi irin wannan zaman da maza a rumfar masallaci. Su ma sun zana tasu hillar: ga masallaci, ga titi, ga inda ake hawa bas. Juji bai fito a tasu ba ko kaɗan, don ba sa nan da rana.

Ranar da aka haɗa mu gaba ɗaya, maza a kan tabarmi, mu a gefe a bayansu, Daktora ta jera abubuwa huɗu a ƙasa. Kwalbar allura. Dunƙulen umbaz, wato tunkuzar gyaɗa da ake sayo wa dabbobi. Hoton wani farin bunsuru na ƙasar waje. Da reshen gawo. Ta ce ƙungiyarsu ba za ta iya duka ba, kuma ba ita za ta zaɓa ba. Aka raba wa kowa ƙwallayen dabino, mace da namiji daidai, kowa ya zuba nasa inda ya fi so. Maza suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a kan allura da umbaz. Na lura da kyau: duk abin da za a iya cinyewa ko a ɗauka a tafi da shi, nan suke zubawa. Babu wanda ya kalli reshen. Mata kuwa, da suka ga haka, suka fara ja da baya. Har Asabe ta raba nata biyu. Kafin a gama sai Baba ya ɗaga sandarsa, aka yi tsit, don shi ne mafi tsufa a wurin. Ya nuna reshen ya ce:

"Yarinya, ɗauke wannan. Ba laifinki ba ne, ba ki san mu ba. Mu kan hanya muke. Ubana bai dasa ko tsinke a ƙasar nan ba, ni ma ban dasa ba. In muka haƙa rami muka sa itace, me za mu gaya musu ranar da muka haɗu?"

Maza suka ce haka ne, Malam. Ni kuwa na zo da ledar cikin Ƙyalla a kwano, na rufe da zane. Ban shirya yin magana ba, niyyata in ba Daktora ta nuna musu. Amma sai na ji ƙafata ta miƙe. Na ratsa tsakanin tabarmin maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba a hillar nan, na dire kwanon a gabansu na yaye zanen.

"Ga abin da dukiya mai ƙafa take ci," na ce. "Wannan daga cikin akuyar Inna ya fito."

Yaya Bukari, wanmu, ya ce, "Hauwa, koma ki zauna."

Ban koma ba. Na durƙusa a gaban Baba kamar yadda aka koya mini, amma bakina bai durƙusa ba.

"Baba, a wajen wa na ji sunan gawo? Kai ka ba mu labarinsa har muka haddace. Ka ce ba ka haƙa rami a ƙasar nan ba. Ina Inna take? Ina 'ya'yana biyu da suka rasu shekarar ƙyanda? Kai ka nuna inda za a haƙa. Mun sa mutanenmu a ƙasar nan, itace ne kaɗai ba za mu sa ba? Guzurin da kake jira, daga jikin awakin nan zai fito, ga shi kuwa suna mutuwa a juji."

Na juya na zuba ƙwallayena duka a kan reshen. Asabe ta tashi ta kwashe waɗanda ta sa a kan umbaz ta dawo da su. Sai mata suka biyo ta. Baba ya dafa sandarsa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya tafi, rabin maza suka bi shi.

Ga abin da nake so ku riƙe. Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ko yau aka mayar da ni wurin zan sake faɗa. Amma na san abin da na taɓa. Tsoho ne da bai mallaki komai a duniya ba sai wannan niyya, na kuma sa mata hannu a gaban jama'a.

Tulin ƙwallayen reshe ya fi na sauran, Asabe har ta fara guɗa. Daktora ta ce ta dakata. Ta ce ba za ta ɗauki wannan a matsayin an gama ba, don shingen da rabin gari ba sa so, akuya za ta sami ƙofa a jikinsa. Ta tattara kayanta ta ce za ta dawo in mun daidaita. Na ji haushinta ranar. Daga baya na gane ta fi ni hankali a nan. Hilla ta rabu biyu. Akwai gidajen da aka daina aika wa juna wuta. Ubanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar magana. Abin da ya ce mini kawai shi ne da na bari ya faɗa a madadina, na ce da ka faɗa tun shekarun da suka wuce. Liman ya ce shi dai bai ga inda aka hana matafiyi dasa itace ba, bai kuma ga inda aka yarda 'ya ta ɗaga wa ubanta murya ba, ya bar mu a nan.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Yaya Bukari, wanda ya ce in koma in zauna. Ku ba shi haƙƙinsa. A Mayo yake zaune, wata unguwa a Khartum, yana sayar da gawayi. Ya zo wata Juma'a bayan an sauko, ya same ni ina tankaɗe, ya zauna a kan turmi ba tare da ya gaishe ni ba.

"Ke da taurin kai kamar jakin karo," ya ce.

"Nono ɗaya muka sha."

"In kun dasa itacenku awaki suka ƙoshi, sai me? Ku yi ta shan shayi da madara har ku mutu a nan?"

"Ya fi mu mutu a nan ba madarar."

Sai ya ce in dai gonar za ta sa awaki su yi yawa, to a rubuta a cikin tsarin cewa duk shekara kowane gida zai ware ɗan akuya ɗaya, a kira shi akuyar hanya. A tara a sayar, a tura tsoho ɗaya Makka, a fara da wanda ya fi kowa tsufa. Ya ce ta haka itacen ba zama ba ne, guzuri ne. Na ajiye rariya na dube shi. Ni ban taɓa tunanin wannan ba, Daktora ma ba ta yi ba. Daga bakin wanda ya ƙi abin ya fito. Da aka sake taro, Yaya ya faɗa da kansa, maza suka yi ta gyaɗa kai, aka sake raba ƙwallayen dabino. A wannan karon reshen ya nutse a ƙarƙashinsu. Aka zauna aka yi ta ja-in-ja kan sauran: kowane gida da layinsa na shuka, awaki ba za su ƙara fita su kaɗai ba, gida-gida za a riƙa karɓar kiwo a kai su nesa da juji, tsofaffin bunsuraye a sayar kafin rani ya ci su, ciyawar da ta fito a cikin shinge a yanka a tara a rumbu ɗaya, ba a taɓawa sai nono ya fara ja baya. Da aka zo kan wanda zai tsare shinge, Asabe ta ce:

"Ku ba Hauwa. Wadda ba ta ji tsoron Malam ba, akuya za ta ji tsoro?"

Baba bai zo wannan taron ba. Ranar da muka fara haƙa ramuka, na dawo da ƙasa har gwiwa na tarar an ɗaure gadonsa da akwatin ƙarfensa a kan karo. Yaya yana tsaye yana kallon ƙasa. Na ce Baba ina zuwa? Bai kalle ni ba. Yaya ya ce zai ɗan zauna a wurinsa a Mayo. Na riƙe ƙafar gadon na ce Baba ka yafe mini yadda na faɗa. Ya ce wa mai karo, mu je. Wannan ita ce korar da kuka ji ana faɗa. Da ƙafarsa ya fita, ni kuma ban cike ramukan ba don ya dawo. Na iya cikewa. Na tsaya a ƙofar gida har karon ya ɓace, sannan na ɗauki fartanyata na koma bakin hor.

Aikin ya ci mu. Ubanku ya yi ta kwaso ragowar waya da ƙarafa daga Mantiƙa yana haɗa shinge ranar hutunsa. Muka tada kunyoyin ƙasa masu lanƙwasa don su tare ruwan sama. Ruwa kuwa saye muke a ganga, ba mu da na ba itace, don haka ruwan wanke-wanke da na wankan yara duk a bokiti muke tarawa mu kai. Ladan ne ya ce ai ruwan alwala yana tafiya a banza, aka sa ganga a ƙarƙashin wurin alwalar masallaci. Ka ga dattijon da ya bi Baba ya fita daga taro, ga shi da buta yana ba gawo ruwa yana waige-waige kada a gan shi. Ni na gan su duka, ban ce komai ba. Zafin bazara ya kashe mana kusan rabin shukar, muka sake dasawa. Ni kuwa ina bakin shinge da sanda daga hantsi har la'asar. Kun tuna yadda yaran hilla suke gudu in sun hango ni. Akuyar matar Liman ta shiga sau ɗaya, na ɗaure ta a ƙofar gidana sai da ya zo da kansa ya gyara inda ta ɓalla. Da damina ta sauka, ruwa ya kwanta a bayan kunyoyin, ciyawa ta fito a wurin da tun zuwanmu ba mu taɓa ganin kore ba. Ranin da ya biyo baya, babu gidan da ya ja mushe. Zogale ya wuce kaina. Mata suka fara aika madara kasuwar Umdurman, su da a da ba su da ta shayi.

Duk ranar kasuwa nakan cika kwalba da madarar safe in ba wani direban bas da ke ƙetarawa Khartum ya kai Mayo. Da yamma ya dawo mini da ita a cike, ta yi tsami. In zuba wa kaji, in wanke kwalbar. Asabe ta ce in daina, ina wulaƙanta kaina. Na ce ubana ne, ba naki ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Na je Mayo da Sallah, ya amsa gaisuwata yana kallon bango. Sai wata rana direban ya miƙo mini kwalba babu komai a ciki, an ma ɗauraye ta. Na ce ko ta zube ne a hanya? Ya ce a'a ya hajja, tsohon ya karɓa da hannunsa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba na rubutawa ba ne.

Akuyar hanya ba ta isa ba a shekarar farko, ba ta isa ba a ta biyu, aka yi ta tarawa. Shekarar da ta isa, babu gardama kan wanda zai fara. Liman da Yaya suka je suka gaya masa. An ce da ya ji sai ya ce a jawo masa akwatinsa. Ya zo hilla sallama, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya raba allunansa da butarsa da gadonsa, don kowa ya san ba da niyyar dawowa zai tafi ba. Likkafanin kawai ya ɗauka. Bai gangara bakin hor ba. Da ya zo kaina ya ɗora mini hannu a ka ya ce Allah ya yi miki albarka, Kulu. Rabon da ya kira ni da wannan suna tun ranar kwano. Na ce a raina ya isa, ko da wannan muka rabu.

Da alhazai suka fara dawowa ban sa rai ba. Ina bakin shinge sai na ji guɗar Asabe tun daga titi. Ga Baba a gaban mota, ya rame, kai a aske, yana riƙe da jakarsa a cinya. Hilla ta fashe. Aka yanka bunsuru, aka yi ta shan zamzam a ƙaramin kofi, tsofaffi suna shafa hannunsa suna kuka, don shi ne na farko a cikin zuriyar waɗanda suka fito tare da Kaka da ya ƙarasa. Da mutane suka ragu ya ce a kira masa Kulu. Ya zuge jakar ya fito da likkafanin, a ninke yadda ya tafi da shi.

"Na wanke shi da zamzam," ya ce. "Ajiye mini."

"Baba, ba a Madina ka ce ba?"

"Na je. Na yi wa ubana ɗawafi, na gaya masa mun iso." Ya miƙo mini shi. "Da na gama sai na ga ban san kowa a can ba. Uwarki tana nan. Kama ni, mu je in ga abin naku."

Na kama shi muka gangara. Gawon layinmu ya riga ya fi ɗaki tsawo, rani ne, ya yi kore shar, awakin da aka fara bari su shiga ɓangaren da ya kafu suna kwance a inuwarsa. Baba ya tsaya ya ɗaga kai. Ya kai hannu ya shafa jikin itacen, ƙaya ta soke shi, bai ma janye ba.

"Ashe haka yake," ya ce.

Ya zauna a gindinsa ya miƙe ƙafa, ya ce in aika a dawo masa da gadonsa daga wurin wanda ya ba. Sannan ya ce:

"Akwai madara?"

A ɗakinsa na gidana ya ƙarasa kwanakinsa, kuma yana kwance kusa da Inna. Bayansa tsofaffi da yawa sun tafi da akuyar hanya, har ni da kuke kira Hajiya.

Yanzu ga abin da na gani da na gangara hor bayan dawowarmu. An sare su, gaskiya ne, ban kuma zagi wanda ya sare ba, don mai yunwa ne ya dafa wa 'ya'yansa abinci. Amma saiwar tana ƙasa. Kututturen da Baba ya zauna a gindinsa ya fito da tofo har ya kai ƙuguna. Asabe ta dawo, bakinta ma ya dawo. Gidajen da suka dawo mun zauna a ƙasa mun share yashi, mun zana hilla da kanmu ba tare da likita ba, mun raba ƙwallayen dabino. Layin gidanmu yana nan da sunanku. Abba, ban tambaye ka ko za ka zauna ba. Kakanka ma bai zauna ba sai da ya je ya dawo, ya tarar da inuwa tana jiransa. Ku aiko da waya ta shinge. Gwangwanaye na samu.